A bar ruwa a ciki ko a zazzage shi tas? Taƙaddama kan akwatin kifin Baban Ummi

Baban Ummi: Assalamu alaikum jama'a. Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan tashi daga Gyaɗi-Gyaɗi in koma Rijiyar Zaki. Kujeru da gado ba su dame ni ba, abin da ya hana ni barci shi ne akwatin kifin nan na falo. Tsawonsa santimita 180, faɗi 60, tsayi 60, kaurin gilashin milimita 12. Shekara huɗu ke nan ko motsa shi ba a taɓa yi ba. Koi, wato manyan kifin nan masu launi-launi, shida ne a ciki da 'yan jajayen nan na ado. Jiya Oga Sani ya ce min kada in wahal da kaina, in rage ruwan in bar kamar faɗin tafin hannu, kifin da tsakuwar duk su zauna a ciki, 'yan dako shida su ciccibe shi zuwa akori-kura. Me kuka gani?

Oga Sani: Kuma har yanzu ina kan bakana. Sau biyu ina tashi da nawa haka, daga Tarauni zuwa Hotoro, daga Hotoro zuwa Naibawa, ko kifi ɗaya bai mutu ba, ko tsaga babu. Gani ya kori ji. Kifi wahalarsa a kamawa take, da zarar ka fara bin sa da koma kana jefawa a bokiti ka gama da shi. Sannan ɗan ruwan nan yana danne akwatin, ba zai riƙa tsalle a bayan mota ba.

Malam Habu Mai Gilashi: Alhaji, don Allah kada ka yi. Ko kofi ɗaya kada ka bari a ciki.

Oga Sani: To fa. Malam Habu, kawo dalili, ba tsoratarwa ba.

Injiniya: Bari in yi muku lissafin kafin Malam Habu ya gama rubutu. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Akwatin Baban Ummi in ya cika yana cin lita 648, wato jarka 26 irin ta 'yan garuwa. Shi gilashi kowace murabba'in mita tana da nauyin kilo biyu da rabi a kan kowane milimita na kauri, to mai milimita 12 kilo 30 ke nan. Fuskokin akwatin biyar sun kusa murabba'in mita huɗu, saboda haka wayam ɗinsa, ba ruwa ba komai, ya kai kilo 120. Wannan "ɗan ruwan" na Oga Sani kuwa, in zurfinsa santimita 10 ne, lita 108 ne cif. Ka ɗora tsakuwa, wadda in kaurinta ya kai santimita 5 a wannan faɗin ta haura kilo 80. An haura kilo 300. Buhun siminti shida, a cikin mazubin da ba shi da mariƙi.

Oga Sani: Mutum shida, kowa kilo 50. Injiniya ka taɓa tsayawa a Singa ko Dawanau ka ga abin da yaro ɗaya yake ɗauka a ka? Buhun hatsi mai kilo 100 yake saɓawa ya hau mota da shi yana waƙa.

Malam Habu Mai Gilashi: Oga, ai ba ƙarfin yaran nake shakka ba. Buhu in ka lanƙwasa shi, lanƙwasuwa zai yi ya koma yadda yake. Akwatin kifi faranti biyar ne na gilashi, ba ƙusa ba noti, abin da ya riƙe su kawai siririn layin silikon ne da bai fi kaurin tsinken ashana biyu ba a tsakaninsu. An yi shi ne don ya jure ruwan da ke zaune wuri ɗaya yana turo bango a hankali. Ba a yi shi don murɗa ba. Yanzu ka kawo mutum shida, wani dogo wani gajere, wani ya riga wani ɗagawa. Kusurwa ɗaya ta yi sama, ta ƙetarenta ta yi ƙasa, akwatin ya murɗe ko da ido bai gani ba. Da wayam ne zai iya jurewa. Amma ga kilo ɗari na ruwa yana gudu, duk inda aka karkata nan zai tafi gaba ɗaya. Mutum biyun da ke ƙasan matattakala su ne za su ji nauyin duka a hannunsu cikin ƙiftawar ido, ba kilo 50 ɗin da ka raba musu a takarda ba.

Kuma ka lura da yadda muke ɗaukar gilashi a shago. A tsaye, bisa gefensa, ba ma kwantar da shi. Ƙasan akwati shi kaɗai ne farantin da ke kwance, kuma a kansa kake son a bar tsakuwa da ruwa alhali babu abin da ya tallafe shi daga ƙasa sai yatsun mutane a gefe.

Maman Walid: Ni kam bari in ba ku nawa, don har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Namu bai kai na Baban Ummi ba. Haka aka ɗauko shi da ragowar ruwa, aka iso lafiya, har maigidan ya ƙara wa yaran kuɗi. Muka cika shi, muka yi kwana goma sha wani abu lafiya lau. Ranar nan wajen ƙarfe biyu na dare, an ɗauke wuta, na ji wani sauti kamar an yage atamfa. Na sako ƙafa ƙasa sai na ji sanyi har idon sawu. Haɗin baya ne ya buɗe daga ƙasa. Da fitilar waya muka riƙa laluben kifin a ƙarƙashin kujera, Walid yana kuka yana riƙe da tukunyar miya muna jefa masa. Kafet ɗin nan sati guda yana kan katanga, daga ƙarshe warin bai fita ba muka ba da shi. Da gari ya waye mai gyara ya nuna mana wurin, silikon ɗin ya yi fari-fari ya saki gilashin tsawon hannu. Ya ce tun ranar tashi ya ɗaye, a hankali ya yi ta ci.

Oga Sani: Allah ya kiyaye gaba Hajiya. Amma wannan tsautsayi ne, kuma tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Wa ya sani ko tun asali aikin ne ba nagari ba.

Injiniya: Oga Sani, tambaya ɗaya. Naka ɗin nawa ne tsawonsa?

Oga Sani: Zai kai ƙafa uku.

Injiniya: Santimita 90 ke nan. In faɗinsa da tsayinsa 40 ne, lita 144 yake ci a cike. Ruwan da kake so Baban Ummi ya "rage" ya kusa kamo naka gaba ɗayansa.

Nura Ɗan Tarwada: Ni fa ta wani gefen ina bayan Oga Sani. Kowa ya tsaya kan gilashi, an manta da masu rai. Duk mai kiwo ya san in ka sauya wa kifi ruwa kacokan rana ɗaya, washegari sai ka tarar da su sun juya ciki sama. Tsohon ruwan nan shi suka sani. Kuma ba ga tarwada nan ana kawowa kasuwar Galadima a ɗan ruwa ƙasan roba ba, tana isowa da ranta?

Malama Hadiza: Ƙanena, rabin maganarka gaskiya ce. Amma kada ka gwada tarwada da koi. Tarwada tana da wata gaɓa a bayan kai da take shaƙar iskar sama da ita, shi ya sa take daɗewa a laka. Koi ba shi da wannan. Ka bar shi a ruwa santimita 10 da motsin mota ya dama da dattin shekara huɗu na ƙarƙashin tsakuwa, a rana irin ta Kano da ruwa ke ɗumama nan da nan, ruwan ɗumi kuma iskar cikinsa ba ta kai ta mai sanyi ba. Ga tsakuwa na dukansa duk ramin da aka faɗa. Bokiti ya fi masa rahama nesa ba kusa ba.

Abin da ke kashe kifi bayan tashi yawanci biyu ne. Na farko mutuwar ƙwayoyin halittar da ke cinye gubar kashin kifi, waɗanda mafi yawansu ba a ruwan suke yawo ba, suna manne ne a soson matata da jikin tsakuwa. In soson ya bushe, ko aka wanke shi da omo wai don tsafta, sun mutu. Na biyu ruwan famfo mai sinadarin kulorin. To sai a tsoma soson a bokitin tsohon ruwa, tsakuwar a zuba ta a buhu tana jiƙe, a ɗebi rabin tsohon ruwan daga sama a jarkoki kafin a taɓa ƙasan ya gurɓace. Jarkar da ba ta taɓa ganin fetur ko manja ba fa. Kifin a daina ba su abinci tun ranar Alhamis, su tafi a bokitai masu murfi, a cikin mota mai inuwa. Ka ga tsohon ruwan ya isa Rijiyar Zaki, sai dai ba a cikin gilashi ya je ba.

Nura Ɗan Tarwada: Na karɓi wannan Malama. Jarka goma sha uku dai aiki ne.

Oga Sani: To na ji, a zazzage. Amma a shimfiɗa masa katifa mai taushi a bayan motar, wannan kam ba mai ja da ni.

Malam Habu Mai Gilashi: Ni zan ja. Katifa kaɗai lotsawa take, wani wuri ya nutse wani ya tsaya, murɗar da muke gudu ta dawo. Katako shimfiɗaɗɗe mai kauri za a samo, ya ɗan fi ƙasan akwatin faɗi, a ɗora masa farin soson nan irin na cikin kwalin firji, a zamo akwatin daga teburinsa zuwa kai. Tun daga falo har sabon gida a kan katakon zai zauna, katakon ake riƙewa, ba gilashin ba. Katifar a sa ta a gefe, tsakaninsa da jikin mota, kusurwoyi a naɗe su da bargo. Kuma kada wanda ya ga wuri wayam ya cusa tukwane ko akwatin kaya a ciki, na ga an yi.

Sarkin Dako: Ranka ya daɗe Alhaji, ni ne zan kawo yaran, bari in faɗi tawa. Mun ɗauki firji, mun ɗauki janareto, amma gilashi in hannu ya yi gumi santsi yake. Da igiya na so mu zagaya ta ƙasa.

Malam Habu Mai Gilashi: Igiya a katako, ban da jikin gilashi. Mafi kyau a buga wa katakon sanduna biyu ta ƙasa su fito gaba da baya, a ɗauka kamar makara.

Baban Ummi: Haba Malam Habu, wane irin misali ne wannan da sassafe? Allah ya sawwaƙe.

Sarkin Dako: Hahaha. Amma ya yi daidai. Sharaɗina, ba wanda zai zo min da silifas, kuma baki ɗaya ne zai yi magana. Abin da ke kayar da kaya shi ne maigida na cewa dama, ƙaninsa na cewa hagu, uwargida na salati ta taga. Sannan mu fita bayan asuba, kafin titin BUK da Kabuga su cika. Direban da zai ga tudun rage gudu ya haye shi da ƙarfi ba na so.

Injiniya: Baban Ummi, sabon gidan ƙasa ne ko bene? In ya cika da ruwa da tsakuwa ya haura kilo 800, buhun siminti 16 a wurin da bai fi murabba'in mita ɗaya ba da kaɗan. In sama ne a jingina shi da bango, kada a kai shi tsakiyar ɗaki. Teburin ma a gwada shi da ma'aunin magina kafin a zuba ruwa.

Baban Ummi: Sabon ƙasa ne, alhamdu lillahi. Wanda nake ciki ne bene. Yanzu na sauka da tef na auna, ƙofar falo santimita 80, wannan ba matsala. Amma matattakalar tana da kwana a tsakiya, filin juyawar bai fi 110 ba.

Malam Habu Mai Gilashi: Da can ta ina aka shigo da shi?

Baban Ummi: Ai ba a shigo da shi ba. Faranti-faranti aka hawo da gilashin, a falon aka haɗa.

Malam Habu Mai Gilashi: To Alhaji magana ta sauya. Abu mai tsawon 180 ba zai juya a kwance a wurin 110 ba. Ko dai a miƙar da shi tsaye a kwanar, wanda sai na ga wurin da idona kafin in ce eh, ko kuma in sa reza in yanke silikon ɗin, mu sauko da shi yadda ya hau, in sake haɗawa a can. In haka ne a kankare tsohon tas, don sabon silikon ba ya kama tsoho, kuma ba irin na banɗaki mai maganin fumfuna ba, wannan guba ne ga kifi. Bayan haɗawa ya sha iska aƙalla mako guda, mu cika shi a tsakar gida ya kwana biyu mu gani, sannan ya shiga falo.

Baban Ummi: Mako guda? Kifin fa? Kuma mai gidan ranar Asabar yake son mukullinsa.

Nura Ɗan Tarwada: Ina da babbar robar ƙyanƙyasa da ba na amfani da ita yanzu, da ƙaramin injin iska mai batir. Ka aiko a ɗauka. A rufe saman da gidan sauro, koi akwai tsalle.

Oga Sani: Ni dai har yanzu ina ganin da an samu ƙarti takwas a zuro shi ta baranda da igiya an huta da duk wannan.

Maman Walid: Oga Sani, don girman Allah.

Malam Habu Mai Gilashi: Alhaji, ina nan tafe bayan la'asar da tef ɗina. Kada kowa ya taɓa shi kafin in zo.

Baban Ummi: Allah ya kawo ka lafiya. Jama'a, wa ke da jarkoki masu tsafta ya ara min? Guda huɗu kawai gare ni.