Neman shawara: idan yaro ya sayi abu a cikin wasanmu, wa za a kama?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni da abokina mun kusa kammala wani wasan noma da za a riƙa bugawa a dandalin sada zumunta. Shiga kyauta ne, amma za mu sayar da zinaren cikin wasa, da akwatin sa'a, wanda mutum zai biya bai san abin da zai fito masa ba. Abin da ke hana ni barci: idan yaro ya ɗauki katin mahaifiyarsa ya kwashe kuɗi, mu za a kama ko masu dandalin? Abokina ya ce sharuɗɗan amfani sun wanke mu.

Barista Hadiza: Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka jingina da sharuɗɗan nan, domin a dokokin ƙasashe da yawa cinikin da ƙaramin yaro ya ƙulla ana iya warware shi. A 2014 hukumar FTC ta Amurka, mai kare haƙƙin masu sayayya, ta sa Apple ya amince ya mayar wa iyaye aƙalla dala miliyan 32.5, Google kuma miliyan 19, saboda sayayyar yara ba da izini ba. Waɗannan masu dandali ne. Amma a 2022 Epic Games, mai Fortnite, wanda shi ya ƙirƙiri wasan, ya amince da biyan dala miliyan 245 kan maɓallan da ke ruɗar mutane su saya ba da niyya ba. Ka ga mai wasa ma bai tsira ba.

Malam Sani: Ni akwatin sa'ar ne ya fi tayar min da hankali. Tun 2018 Beljiyam ta ɗauki irinsa da ake saya da kuɗi a matsayin caca. Ka cire shi kawai, ka sayar da abin da mutum zai gani kafin ya biya.

Maman Khalil: A matsayina na uwa, don Allah ku sa a nemi kalmar sirri a kowace sayayya, ku kuma rubuta farashin da kuɗin gaske, ba da zinare kaɗai ba. Yaro bai san zinaren nan daga asusun uwarsa yake fita ba.

Mai tambaya: Na gode sosai. Yaya Barista, idan muka cire akwatin, sai mun ga lauya kafin mu saki wasan?

Barista Hadiza: Ƙwarai, ku kai masa jerin ƙasashen da za a buga wasan, da tsarinku na mayar da kuɗi.