"Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta": ta dace da Yashasvi Jaiswal?

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum mutanen zaure. Ina so manya su raba mana gardama. Na ce yaron nan na Indiya mai buga kurket (wasan da ake jefo ƙwallo, mai bugu ya make ta da sanda don tara maki), Yashasvi Jaiswal, shi kam Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, sai wani abokina ya ce na aza karin maganar inda ba muhallinta ba. Ga hujjata. Yana ɗan makaranta a Mumbai ya ci maki 319 a wasa ɗaya, masu jifa ba su iya fitar da shi daga bugu ba, a gasar makarantu ta Giles Shield. A Oktoban 2019, yana da shekara 17, ya ci wa Mumbai 203 a kan Jharkhand a gasar manya ta cikin gida mai suna Vijay Hazare. A 2020 aka yi gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 19 a Afirka ta Kudu, wadda Najeriya ma ta halarta karo na farko, ya fi kowa maki da 400, aka ba shi gwarzon gasa. Da aka saka shi babbar tawagar Indiya a Yulin 2023, wasansa na farko na kwana biyar, wato mafi girman nau'in wasan kurket tsakanin ƙasashe, a tsibirin Dominika, ya zuba wa West Indies, tawagar ƙasashen yankin Karibiyan, maki 171. In wannan ba Laraba ba ce, to mece ce?

Bazamfare:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, ni ina bayan abokinka. Garin Mumbai ɗin nan ya sha ganin irin wannan Larabar. A 1988 Vinod Kambli da Sachin Tendulkar, suna yara 'yan makaranta ɗaya, sun haɗa maki 664 tsakaninsu. A 1993 Kambli ya ci wa Indiya 224 a kan Ingila, ya sake cin 227 a kan Zimbabuwe a wasan da ya biyo. Zuwa 1995, yana da shekara 23, ya buga wasansa na ƙarshe na kwana biyar. Ga kuma Prithvi Shaw: 546 a gasar makarantu a 2013, ya ja ragamar yaran Indiya suka ɗauki kofin duniya a 2018, a shekarar ya ci 134 a wasansa na farko da manya. Da aka zo gwanjon 'yan wasa na IPL, babbar gasar ƙungiyoyin kurket ta Indiya, a Nuwamban 2024 babu ƙungiyar da ta taya shi. Shi ya sa ni karin maganar da zan ɗauko ita ce, ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsu.

Maman Hanifa:
Yaya Bazamfare, misalanka sun yi, amma don Allah wannan karin maganar a bar ta. Na farko, tana ƙona ran bayin Allah da cuta ta sama, kuma kuturta yanzu ana warkewa da magani, ba gadonta ake yi ba. Na biyu, ba ta ma shiga nan. Ana faɗinta ne ga wanda ake zargin akwai wani aibi a asalinsa da ake jiran ya ɓullo. Wane aibi ne a asalin yaron nan? Mahaifinsa ƙaramin ɗan tireda ne a Suriyawan, cikin jihar Uttar Pradesh. Talauci dai ba abin kunya ba ne.

Bazamfare:
Hajiya, ba asalinsa nake nufi ba. Mu a wajenmu ana faɗinta ga duk wanda ake gaggawar yabo.

Maman Hanifa:
Na sani ana yi, amma ai ga "ba girin-girin ba, ta yi mai". Ta isar da saƙonka ba tare da an taɓa kowa ba.

Malam na Ƙofar Mata:
Bari in sa baki, 'ya'yana. Ku lura, ba a ce Alhamis ba, Laraba aka ce. Ranar Alhamis kowa ya san gobe Juma'a, ba a bukatar mai ido. Ranar Laraba kuwa babu abin da ake gani sai shiri: wanki, guga, an kai ɗinki, mata sun fara batun kitso da lalle. Abin da karin maganar ke nuni da shi ke nan, shiri da hali, tun kafin a ga sakamako. Ɗan Tudun Wada, makin da ka lissafo duk sakamako ne, kusan a ce ƙananan Juma'o'i ne. Kambli ma ya yi su, shi ya sa Bazamfare ya samu ƙofar shigo maka.

Wani abu kuma, mu da muka tashi muna jin ta a bakin iyaye, an fi faɗinta a wajen gargaɗi. Yaro ya fara sana'a da ha'inci, ko ango ya fara ƙarya tun kafin ɗaurin aure, sai tsohuwa ta girgiza kai ta ce ai Juma'ar da za ta yi kyau… ta yi shiru, kowa ya gane. Amfani da ita wajen yabo bai haramta ba, ana yi, sai dai mai yabon ya kamata ya nuna mana abin da ya hango a halin yaron. In kana da wannan, kawo.

Ɗalibi a Pune:
Malam, Allah ya ƙara lafiya. In haka ne, ina ganin Larabar tasa tana Azad Maidan, wani makeken fili a kudancin Mumbai inda yara ke buga kurket tun safe har faɗuwar rana. Ya baro garinsu yana da shekara goma da ɗoriya. Ya fara kwana a shagon masu sayar da madara, suka sallame shi don ba ya samun lokacin yi musu aiki. Daga nan ya koma tantin masu gyaran fili, ya yi kimanin shekara uku a ciki, ba wuta ba banɗaki, damina ta same shi a nan. Bai koma gida ba. A ƙarshen 2013 wani koci, Jwala Singh, ya gan shi yana bugu, ya ɗauke shi zuwa gidansa, ya ci da shi ya sha da shi, daga baya ma ya zama waliyyinsa a hukumance.

Labarin da ya fi yawo shi ne na sayar da panipuri, wani abin ƙwalama na bakin titi. Amma shi kocin ya fito ya nuna ba ya son yadda ake ta maimaita wannan, don yana rufe shekarun horo da aka yi bayan ya ɗauke shi. Ni dai da na ga yawan yaran da ke irin filayen nan, abin da ke zuwa mini shi ne, zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi.

Maman Hanifa:
Gaskiya ne ƙanena, nufin Allah ba ya tashi. Amma ni uwa ce, yaro ɗan shekara goma sha ɗaya yana kwana a tanti da yunwa ba abin ado ba ne a wurina. Ina tsoron a riƙa jawo karin magana ana lulluɓe wahalar yara da ita. Wanda ya yi cara mun san sunansa. Sauran da suka kwana a filin nan tare da shi, muzuru ya tafi da su, wa ya san nasu? Kuma da kocin nan bai buɗe masa ƙofar gidansa ba, da wace Laraba za mu zauna muna magana a kai?

Malam na Ƙofar Mata:
Wannan tambaya ta Maman Hanifa tana cikin karin maganar kanta. "Ake gane ta" aka ce, to lallai akwai mai ganewa. A labarin nan Jwala Singh ne ya gane, tun babu maki 203 babu 171. Shi ne mai haƙƙin faɗinta. Mu da muka zo bayan an sauko daga masallaci, ba ganewa muka yi ba, labari muka ji.

Ɗan Tudun Wada:
Ranka ya daɗe, to bari in kawo hali. Ƙungiyar IPL ta Rajasthan Royals ta saye shi kan rufin Indiya miliyan 24 a ƙarshen 2019. Kakarsa ta farko a IPL, 2020, wasa uku kawai ya buga, maki 40 duka-duka, masu jifa da sauri suka rikita shi. Yaron da kuɗi suka faɗo wa haka daga tanti, da yawa nan za su shantake. Shi ya koma horo. A 2023 ya ci 625 a kakar, har da 50 cikin jifa 13 kacal a kan ƙungiyar Kolkata. Kafin nan, a Satumban 2022, a wasan ƙarshe na kofin Duleep, wata gasar cikin gida ta Indiya, bayan ya ci 265, ya dinga tsokanar wani ɗan wasan abokan hamayya da baki, kyaftin ɗinsa Ajinkya Rahane ya kore shi daga fili a gaban kowa. Ya fita, daga baya aka dawo da shi ya ci gaba da wasa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ya tanƙwaru.

Bazamfare:
Wannan hujjar ta fi ta farko ƙarfi nesa ba kusa ba. Sai dai ka lura, tsokanar da ta sa aka kore shi ita ma alama ce, kuma da tsohuwar da Malam ya ambata tana filin, da ita ma ta karanto Larabar ta wata fuska. Abin da ya fi ja hankalina shi ne wasan Indiya da Ostareliya a birnin Perth, Nuwamban 2024. Mai jifan Ostareliya Mitchell Starc ya fitar da shi bai ci ko ɗaya ba a zagayen farko, a zagaye na biyu ya dawo ya ci 161, Indiya ta yi nasara. A farkon shekarar kuma ya tara 712 a wasa biyar da Ingila, ciki har da 209 da 214. Kambli wasa 17 ya buga wa Indiya na kwana biyar, wannan yaron ya riga ya wuce adadin.

Karin maganar da Hajiya ta hana na ajiye ta, amma ra'ayina yana nan. An haife shi a Disamban 2001, yanzu ne masu jifa na duniya suka fara nazarin inda yake da rauni, kuma yanzu ne talla da kuɗi suka fara yi masa yawa. Malam, ni abin da nake so ku fayyace mini: in mutum ya faɗi karin maganar a kan yaro, daga baya Juma'ar ta lalace, laifin karin maganar ne ko na wanda ya karanta Larabar?

Malam na Ƙofar Mata:
Na mai karatun ne, ɗana, in ya ɗauke ta alkawari. Ɗan Tudun Wada, ka gaya wa abokinka za ka iya faɗinta a kan tanti da komawa horo bayan 2020. A kan maki 319 kuwa, abokin naka ne da gaskiya.