Taron iyaye kan karatun yara: yaya zan yi kada ya sake ƙarewa a jawabai?

Malamar Aji Ɗaya ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina koyar da 'yan aji ɗaya a wata firamare ta gwamnati a wani ƙauye da ke yankin Misau, jihar Bauchi. Yara 74 ne a rijistata, masu zuwa kullum ba su wuce 55 ba. Hedimasta ya ɗora mini shirya taron iyaye kan yadda za su taimaka wa yara da karatu a gida. Ya so a yi ranar 8 ga Satumba saboda ita ce Ranar Yaƙi da Jahilci ta Duniya, amma lokacin muna hutu, mutane kuma duk suna gona, sai muka ɗaga zuwa bayan kaka.

Abin da ke damuna shi ne taron da muka yi bara. Mun yi hayar rumfa da kujeru, muka ce ƙarfe tara. Babban baƙo bai iso ba sai sha ɗaya da rabi. Aka yi jawabi biyar, yara suka yi wasan kwaikwayo, kafin a zo kan maganar karatu rabin matan sun tafi ɗora girkin rana. Wanda ya yi bayanin ya ce kowace uwa ta riƙa karanta wa ɗanta littafi kafin ya kwanta. Da za a watse wata uwa ta tsayar da ni a bakin ƙofa ta ce, "Malama, ni da ban san ko bihim a boko ba, me zan karanta masa?" Wallahi ban sami amsar da zan ba ta ba, sai na ce Allah ya yi mana jagora. Har yau abin yana raina.

Bana kwamitin makaranta ya ba ni naira dubu 40. Muna da ragowar littattafan koyon karatu na Mu Karanta a kabad, wasu sun yage. Don Allah wanda ya taɓa yin irin wannan taro ya ga amfaninsa ya ba ni shawara.

Tsohon Hedimasta ya rubuta:

Wa alaikumus salam 'yata. Shekara 31 na yi a wannan aiki kafin na ajiye, kuma taron da aka kira babban baƙo ban taɓa ganin ya fara a kan lokaci ba. Ki bar shi. Kuɗin rumfa ma ki bar shi, kuna da azuzuwa.

Ki je wurin mai unguwa da liman da kanki, tare da hedimasta, mako biyu kafin ranar. In liman ya faɗa a masallaci bayan Juma'a, magidanta za su bar matansu su fito, wanda takardar gayyata a jakar yaro ba za ta yi miki ba. Kada ki sa ranar kasuwa. Mata ki kira su da hantsi bayan sun gama aikin safe, ki sallame su kafin azahar. Maza kuwa ki bar wa malamai maza su zauna da su bayan la'asar, minti talatin ya isa. In kika haɗa su wuri ɗaya matan ba za su buɗe baki ba.

Malam Na Funtuwa ya rubuta:

Malama, matar nan da ta ce ba ta san bihim ba, kin tambaye ta ko ta yi makarantar allo? Ina kyautata zaton ta yi. Nan ne muke kuskure mu 'yan boko. Uwar da ta yi babbaƙu ta yi farfaru ta riga ta san sirrin karatu gaba ɗaya: baƙi shi kaɗai ba ya magana sai an sa masa wasali. Harafin ba in an sa masa wasali bisa ya zama "ba", da wasali ƙasa "bi", da rufu'a "bu". To mene ne bambancinsa da abin da kike yi a allon aji? Babu, sai dai siffar haruffan da kuma cewa mu daga hagu muke farawa.

Na fara gane haka ne lokacin da aka ba mu horo a shirin RANA na koyar da yara karatu da lissafi, wanda aka yi a Katsina da Zamfara, inda aka nace mana a kan sautin harafi kafin sunansa. Da na gwada da iyaye mata, sai na fara da abin da suka sani. Na rubuta ba, bi, bu da ajami a gefe ɗaya na allo, suka karanta da ƙarfi suna dariya. Na rubuta na boko a ƙarƙashin kowanne. Kafin minti ashirin wata tsohuwa, kakar wani ɗalibina, ta haɗa ba da ba ta karanta "baba" da kanta. Ta rufe baki da mayafi tana salati.

Don haka in ni ne ke, ba zan yi bayani mai tsawo ba. Kowace uwa ta zauna a tabarma da ɗanta a gefenta. Ki yanka kwalin taliya ko na sabulu ƙanana, ki rubuta gaɓa ɗaya a kowane da alƙalamin maka: ba, ka, ma, na, ra, sa, da 'yan uwansu. Guda goma sha biyu sun isa gida ɗaya, a ɗaure da kyauro. Uwa ta ɗaga, yaro ya faɗa. Sai su haɗa biyu: ka da sa, ma da sa, ra da na. Su yi a gabanki har sau uku, ki zagaya kina gyarawa. Abin da hannunta ya yi a ajin shi za ta maimaita a tsakar gida. Abin da ta ji a lasifika kuwa a bakin ƙofar makaranta za ta bar shi.

Wani abu kuma, ki gayyaci yayye, 'yan aji biyar da shida da na ƙaramar sakandare. A gidaje da yawa su ne malaman dare. Matsalarsu ɗaya, suna koya wa ƙannensu e, bi, si, di irin na Turanci, sai yaro ya zo aji ya ga "ci" ya ce "si". Ki zaunar da su daban na minti goma ki gyara musu wannan, ki nuna musu ɓ da ɗ da ƙ, su ji bambancin bari da ɓari, kafa da ƙafa.

Tatsuniya ma kada a raina ta. Uwar da ta iya "ga ta nan ga ta nanku" ta iya rabin aikin. Abin da za ki ƙara mata kawai shi ne ta tsaya a tsakiya ta tambaya: me kake gani Gizo zai yi yanzu? Me ya sa Ƙoƙi ta yi fushi? Ta bar yaron ya maimaita labarin da bakinsa washegari.

Maman Biyu ta rubuta:

Ni ba malama ba ce, uwa ce, kuma zan faɗi abin da ba za ku so ji ba. Ku kuke cewa mu taimaka a gida, amma littafin yana kulle a kabad ɗinku. 'Yata ta yi shekara guda a aji ɗaya ban taɓa ganin littafinta da idona ba, wai kada ya yage. To littafin da ya tsufa a kabad da wanda ya yage a hannun yaro wanne ya yi aikinsa?

Sannan ku daina cewa "da dare kafin a kwanta". Wace wutar? Tocilan ɗaya ce a gidan, ita ma tana hannun maigida. Lokacin da nake samu shi ne bayan la'asar, ina tsince shinkafa tana gefena, kafin ta tafi Islamiyya. Minti goma ne, amma kullum ne.

Kuma don Allah ranar taron kada ki tsayar da yaro a gaban mutane ki ce ya karanta alhali kin san bai iya ba. An yi wa ɗan maƙwabciyata haka, da suka koma gida ya sha duka, ita kuma ba ta sake taka makarantar ba.

Malamar Aji Ɗaya ta rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na kai wa hedimasta maganarka, ya yarda a bar babban baƙo, amma ya ce dole shugaban kwamiti ya yi magana. Mun daidaita a kan minti biyar, ni zan riƙe agogo.

Malam, na gwada abin ajamin jiya da matar da ke sayar da awara a ƙofar makaranta. Ta karanta "masa" da "rana", ta ce in ba ta kwalayen ta tafi da su. Na ba ta. Yanzu sai na yanka wasu.

Maman Biyu, maganarki ta yi zafi amma gaskiya ce. Na ƙirga littattafan, masu kyau 38 ne, ba za su isa kowa ba. Tunanina in haɗa yara biyu 'yan unguwa ɗaya a kan littafi ɗaya, su karɓa ranar Alhamis su dawo da shi Litinin. Tsorona in aka zo duba kaya aka ga babu, ni za a tambaya.

Tsohon Hedimasta ya rubuta:

Ki buɗe rijistar aro a littafin rubutu mai shafi arba'in: sunan yaro, sunan uwa, unguwa, ranar karɓa, ranar dawowa. Hedimasta ya sa hannu a shafin farko, shugabar ƙungiyar iyaye mata ta sa a ƙarƙashinsa. Duk mai duba kaya da ya zo ki miƙa masa. Daga cikin dubu arba'in ɗin ki cire kuɗin leda mai kauri da salatif, a ranar taron kowace uwa ta naɗe bangon littafin da hannunta kafin ta fita da shi. Ragowar ki sayi maka biyu da ruwan leda.