Hajiyata ta ajiye maganin hawan jini, ya zan yi da ita?

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu sani a taimaka mini.

Mahaifiyata tana Argungu, shekarunta sun haura 60. Bara aka auna ta a asibiti, jininta 170/100, likita ya ce daga 140/90 ma hawan jini ne. Aka ɗora ta a kan amlodipine, ƙwaya ɗaya kullum. Jinin ya sauka, sai ƙafafunta suka fara kumbura, takalminta ma ya daina shiga. Daga nan ta ajiye maganin, wai tunda kanta ba ya ciwo ai ta warke. Yanzu zoɓo da tafarnuwa kawai take sha. Jiya na auna ta a gida, 165/98.

Na yi lallashi har bakina ya gaji. Kun san tsofaffi, in ka matsa sai ta ce rai na Allah ne. Miya kuwa, in babu gishiri da magi ba za ta ci ba.

Kumburin daga maganin ne, ko ƙoda ce ta taɓu? Ana iya canza mata wani? Kuma me zan faɗa mata ta yarda mu koma asibiti kafin abin ya kai ga shanyewar ɓarin jiki?