Hoton ƙashi bai nuna karaya ba, amma karena yana ɗingishi

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar likitocin dabbobi game da karen da yake mana gadi, wanda babur ya buge makonni 3 da suka wuce. An ɗauki hoton ƙafarsa ta baya ta gefe ɗaya kawai saboda ya ƙi kwanciya, likita kuma ya ce bai ga karaya ba. Har yau ba ya taka ƙafar, gwiwar ta kumbura, da an taɓa sai ya yi kuka, abin yana damuna ƙwarai. Shin tsagewar ƙashi tana iya ɓuya a hoton farko, ko kuwa jijiya ce ta tsinke? Idan za a sake ɗauka, allurar barci tana da haɗari gare shi?