Nawa ya kamata in zuba a hannun jarin kamfani ɗaya?

Sabon Shiga: Salamu alaikum. Mai jarin naira 500,000 a kasuwar hannun jari ta Najeriya (NGX), nawa zai sa a kamfani guda ba tare da ya ƙone ba?

Ɗan Kantin Kwari: Wa alaikumus salam. Fara da asarar da za ka iya jurewa, kashi 2 cikin 100, wato 10,000. In ka sayi hannu a naira 50, ka ƙudura sayarwa in farashin ya faɗi zuwa 45, asarar kowane hannu naira 5 ce. Raba 10,000 da 5: hannu 2,000, kuɗinsu 100,000. Kar ka wuce nan, ko ana ta yabon kamfanin.

Hajiyar Lissafi: Malam, ka manta abu ɗaya. A NGX farashi ba ya sauka fiye da kashi 10 a rana, amma ƙananan kamfanoni kan yi kwanaki suna faɗuwa babu mai saye. Naira 45 ɗinka sai ta zama 38. Irin waɗannan, rage rabin adadin.

Mai Nazari: Kuma in ka sayi hannun jarin bankuna uku, tamkar kamfani ɗaya ne; sanarwa guda daga Babban Bankin Najeriya (CBN) ta girgiza su tare. Wanda ya yi asarar rabi, sai ya ninka ragowar kafin ya dawo daidai.