Me za mu kira "traitement conservateur" in hanyar abincin yaro ta ɓule?

Lokotoron yara, Yamai: Jama'a, kalmar da za mu riƙa faɗa wa iyaye nake nema. Yaro ya sha sodar sabulu, hanyar abinci ta tsuke, wajen buɗa ta da buji (siririn sandan da ake zurawa don faɗaɗa ta) sai ta ɓule, kuma an zaɓi a yi jinya ba tare da fiɗa ba, abin da ake kira "traitement conservateur" da Faransanci. In ka ce "jira za mu yi", uba ya ɗauka an watsar da ɗansa.

Majo (babban ma'aikacin jinya), Tawa: Lokotoro, gara da ka ce hanyar abinci, don maƙogwaro a bakin mutane ya haɗa har da ta iska. Me zai hana "azumin likita"?

Likitan fiɗa, Yamai: A'a Majo, azumi da shan ruwa yake tafe. Da magariba kaka ta ɗura masa kunu, ya bi ta ɓular ya zuba cikin ƙirji, ya zama mugunya. Nan kuwa ko ɗigon ruwa ba ya shiga baki, kwana 7 zuwa 10, wani lokaci har 14. Ana sa ƙarin ruwa, a ba da magungunan kashe ƙwayoyin cuta, ceftriaxone da metronidazole, ta jijiya, da omeprazole don rage tsamin ciki. Abinci ta jijiya, ko ta tiyon da aka sa kai tsaye cikin tumbi ko hanji. In iska ko ruwa sun taru gefen huhu, a sa tiyon ƙirji ya zuƙe. Tiyon hanci kuwa kada kowa ya tura shi a makance, yana iya bi ta ɓular. Duk wannan ai ba jira ba ne.

Ma'aikaciyar jinya, Tawa: To "jinyar lallaɓa"?

Likitan fiɗa: Hajiya, ta yi laushi. In zazzaɓi ya ƙi sauka, zuciya na gudu, numfashi na sama-sama, iskar da ke ƙaras-ƙaras ƙarƙashin fatar wuya na yaɗuwa: sai ɗakin fiɗa. Haka in ɓular ta buɗe cikin ciki. Kafin a ba shi ruwa ta baki kuma sai an sake hoton rediyo da maganin da ke fito da hanyar abinci a hoto, irin mai narkewa a ruwa, ba baryum da ba ya narkewa ba, a ga ɓular ta toshe.

Majo: Ke nan "hutar da hanyar abinci". Uwa ta san ciwo na son hutu, kuma kalmar da kanta ta hana cokali.

Lokotoron yara: Ta zauna. A takarda: "jinyar hutar da hanyar abinci, ba fiɗa". A bakin gado mu ƙara "ko ruwa, dare da rana, sai mun ce".